Gidan da Ɗorawa Ke Riƙe da Shi

Gwiwa ce ta sauko da shi daga kan katanga, ba don ransa ya so ba. Dattijon ya haura saba'in, kuma ƙuruciyarsa da tsufansa duk a gyaran gidajen ƙasa suka tafi, a ƙauyukan da ke kewaye da Minna, daga Bosso da Maikunkele har Paiko da Gwada. Yanzu a ƙofar gida yake wuni, sai dai a zo a ɗauke shi a mota ya je ya duba, ya faɗi abin da ya gani. Yawancin masu zuwa magada ne. Ma'aikaci ya yi ritaya, ko ɗan kasuwa ya tuna da gidan gonar kakansa, ya je ya tarar rumbu ya zauna, zaure ya tsage, ruwa kuma ya cinye gefen gona.

Bana jikan wani abokinsa marigayi ya kai shi irin wannan gida a kan hanyar Paiko. Suna tsaye gaban katangar da ta zube rabi, yaron ya ce, "Baba, buhu nawa na siminti zai ishe mu mu yi mata filasta?" Dattijon ya juya wa katangar baya, ya dubi gona, ya ce, "Ɗana, ina ɗorawar kakanka?" Ashe an sayar wa masu gawayi. A hanyar dawowa ya buɗe baki, har suka wuce Chanchaga bai rufe ba.

Shi dai a hannun wani Bazazzagi ya koyi sana'a, tun kafin yaƙin basasa. Maigidan nasa yana cikin Hausawan da layin dogo ya jawo. Layin da aka faro daga Baro a 1907 ya ratsa ta Minna ya isa Kano a 1911, Minna ta zama mahaɗar jirage, kasuwa ta kafu, fatake suka zauna, kowa yana son zaure da soro irin na garinsu. Mutumin ya zo da alfaharin Zariya, ba ya ɗora azara bai ambaci Babban Gwani Muhammadu Durugu ba, wanda ya gina Masallacin Juma'ar Zariya a ƙarni na 19. Damina ce ta koya masa hankali. Ruwan da ke sauka a Minna yakan kai milimita 1,200 a shekara, tun daga Afrilu har Oktoba, kuma soron da zai zauna lafiya lau a Katsina a nan sai ya fara ɗiga Agusta bai ƙare ba. Laso kuma ba ya samuwa yadda ake so, don katsi sai garin da marina ta yi yawa, gashin jima sai majema. Dole ya ajiye girman kai ya shiga ƙauyukan Gbagyi, yana kallon yadda suke barin jinka ta zubo ta rufe kafaɗar ɗaki, da yadda suke ɗora rumbu a kan duwatsu, ya kuma leƙa katambar Nufawa. Abin da ya bar wa yaransa gauraye ne: zaure na Zariya, rufi na ƙasar Gbagyi.

Makuba ce kaɗai bai taɓa canjawa ba. In zance ya zo nan, dattijon sai ya gyara zama. Ɗorawa tana nuna da bazara, daf da faɗuwar ruwa, daidai lokacin da magini ke gaggawar rufe aiki. Mata su kwashe garin, su ware kalwa don daddawa, ɓawon kuwa ba a zubarwa. A daddaka shi sama-sama, a jiƙa a manyan tukwane, wasu har su tafasa, sai ruwan ya yi jawur ya karkata ga baƙi. Maigidansa ba ya yarda da ido. Yakan tsoma yatsa ya ɗora a harshe, in bauri bai ɗaure masa baki ba sai ya ce a ƙara ɓawo, a bar shi ya sake kwana. Da wannan ruwa ake kwaɓa ƙasar yaɓen ƙarshe, da shi ake shafe katangar gabas, domin hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, ita ke shan dukan ruwa. Ta yamma takan yi 'yan shekaru ba a taɓa ta ba. Ta gabas kuwa duk shekara sai an koma mata, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan lalacewa. Aikin rani ne da kowa ya san da zuwansa: a gama girbi, a sheƙe hatsi, a juyo kan gida.

Daɓe ba nasa ba ne, kuma da girmamawa yake faɗin haka. Magini ya gama ɗaki, ya baje birji, ya daidaita, sai ya ja gefe. Matan unguwa ne za su shigo da madaɓai, su jeru a durƙushe, ana yayyafa ruwa suna bugu tare da waƙa, uwargida tana can tana tuƙa musu tuwo. Yana tuna wata tsohuwa 'yar Gbagyi a wani ƙauye bayan Maikunkele, wadda ba a fara daɓe sai ta iso. Ita ba ta riƙe madaɓi. Taka ɗakin take yi da dunduniya tana kasa kunne, inda ta ji ƙasa ta amsa da amon rami sai ta nuna da ƙafa, a koma wurin. Washegari a sake bugu, a zuba makuba, a bari ƙasa ta sha, a kuma. Bayan kwanaki daɓen ya fito ja mai duhu yana sheƙi, ka zuba ruwa ya tsaya bai nutse ba. Tsakar gida ma haka ake yi mata, da ɗan gangare zuwa rariya, don kada ruwa ya kwanta a gindin katanga. Tsohuwar ta taɓa sa shi ya kwashe birjin ɗaki guda ya sake bajewa, yana saurayi, a gaban mata, saboda gangaren ya fuskanci ƙofa. Maigidansa yana tsaye bai ce uffan ba. Rabon da ya ji ƙarar madaɓai a ƙasar Minna, in ji shi, tun zamanin Shagari.

Ya san shekarun da abin ya juya, don a kan idonsa aka yi. Kuɗin Udoji sun shigo aljihun ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970. A 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama babban birni, aka shiga gina ofisoshi da gidajen ma'aikata ba dare ba rana. Yaran magina suka watse, kowa ya koma birkila, kuɗin yini a hannu. Shi ma ya ɗora bulo, da shi ya aurar da 'ya'yansa, kuma ba ya jin kunyar faɗi. Kwano ma ba ya zagin sa: ya raba mutane da gobarar jinka, ya hutar da su neman shuci duk shekara. A nan mutum zai ga ba gardamar tsufa yake yi ba.

Abin da ba ya yafewa shi ne siminti a kan ƙasa. A gidan hanyar Paiko wani ya riga ya yi wa zaure haka shekarun baya. Dattijon ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa, ya yi ƙara kamar ƙwaryar da aka kife. Ya zura kan sandar a wata tsaga ya ɓanɓare falle guda, sai ga ƙasar ciki a jiƙe, ta yi laushi, hanyoyin gara sun yi rassa har sama. Bayaninsa gajere ne. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina ya fitar da rani, siminti kuwa ba ya bari ya fita. Su biyun ba sa motsi tare, don haka sai an samu tsaga, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita. Yaɓe in ya zaizaye kowa yana gani, a gyara. Filasta kuwa tana nan sumul a ido har ranar da bangon zai kife gaba ɗaya, sau da yawa a watan Satumba, da dare, mutane suna ciki.

Daga nan zancen ya bar gida ya koma gona, don a wurinsa ba a raba su. Tsohon gidan gona daga gonarsa yake samun kayan gyara. Ɗorawa ta ba da makuba. Giginya ta ba da azara, kuma namiji ake nema, tsoho, wanda gara ke shakka. Gamba da ke kan iyaka ta ba da zana, saiwarta kuma ta riƙe ƙasa, jema a bakin kwari ta tare gudun ruwa. Shingen aduruku reshe kawai ake kafawa ya kama. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini ya zama kududdufi. Da kaka Fulani su sauka a gonar, shanu su ci kara su bar taki, a ba su hatsi, a rabu da fara'a. A wurare da dama ɗorawa tana da mai ita dabam da mai gona, ana gadonta, ana kai ƙara a kanta gaban mai gari. Wa zai sare abin da ba nasa ba?

Sababbin masu gona su ne ke tayar masa da hawan jini. Tun da dokar filaye ta 1978 ta mayar da ƙasa hannun gwamna, takarda ta fara rinjayar shaidar dattawa, kuma mai takarda da katafila yake zuwa. A kan hanyar Bida da ta Paiko ya ga an share fili fes, ba ɗorawa ba kaɗanya, an kafa turakun siminti a inda gamba take, damina biyu kwazazzabo ya buɗe baki. Nan ya tuna labarin Mokwa da maigidansa ya sha ba su. A 1949 Turawa suka kafa babbar gona a can, suka share daji, suka kawo injina, suka zaunar da manoma. Inji ya yi huɗa mai faɗin da hannun iyali ɗaya ba zai iya nomewa ba, ciyawa ta yi nasara, a 1954 kamfanin Turawan ya tattara ya bari. Maigidan nasa bai taɓa zuwa Mokwa ba, amma duk sanda yaro ya ɗebo ƙasar da ta fi ƙarfin kwandonsa, sai ya kira shi Baturen Mokwa.

Ana iya cewa dattijon ya yi wa baƙin nan rashin adalci. Ba su suka ƙirƙiro kasuwar gawayi ba, kuma talakan da ya sayar da ɗorawarsa kuɗin asibiti yake nema. In an faɗa masa haka yakan yi shiru, ya ce gaskiya ne, sannan ya koma kan bakansa.

Akwai abin da ya fi katafila ɓarna, kuma a kan wannan muryarsa takan sauka. Tun da 'yan bindiga suka addabi Shiroro da Munya da Rafi, har aka kwashe ɗalibai a Kagara a watan Fabrairun 2021, ƙauyuka da yawa sun tashi, mutane suka taru a Kuta da Gwada da Minna. Wasu daga cikin gidajen da aka bari da hannunsa ya yaɓe su. Ya san lissafin: damina ta farko ta ci jinka, ta biyu ta ci kan bango, ta uku sai kufai. Ginin bulo yana iya jiran mai shi ya dawo. Na ƙasa ba ya jira, sai da mutum a ciki, mai toshe ramin ɓera, mai share rariya, mai hura wutar da hayaƙinta ke korar ƙwari daga rufi.

Kwanakin baya wani ɗalibi mai karatun zanen gine-gine ya zo masa da littafi da biro. Ya nuna masa hoton masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda mutanen gari ke taruwa su yaɓe duk shekara, ya ba shi labarin Francis Kéré na Burkina Faso, da ya ci babbar lambar yabon masu zanen gini ta duniya a 2022, kuma gine-ginen ƙasa na cikin abin da aka san shi da shi. Dattijon ya ji daɗi, ya kuma ji haushi: sai da aka yaba a Turai yaranmu suka waiwayi ƙasar da suke takawa. Ɗalibin yana son awo, makuba gwangwani nawa a ƙasa baro nawa. Dattijon ya ce masa ƙasar Bosso dabam, ta Paiko dabam, ɓawon bana ma ba ɗaya yake da na bara ba, in yana son sani ya zo da bazara ya tuɓe takalmi. Ɗalibin ya ce zai zo.

Shi kuwa jikan abokin nasa, dattijon ya ba shi aiki dalla-dalla. A ɓanɓare filastar zaure kaf, a bar bangon ya sha iskar hunturu. A haƙa rariya ta janye ruwa daga gindin katanga kafin a taɓa komai. Kwanon rufi a ƙara masa baki ya zubo sosai. Azarar giginya in ba ta samu ba a sa katako, a shafe shi da baƙin mai, a san cewa ba zai kai ta ba. A mayar da gamba kan iyaka, a dasa ɗorawa, ko da yake dattijon ba zai ga ɓawonta ba. Makubar bana kuma a nemo ta wajen mata masu daddawa a kasuwar Paiko, tun kafin su gane akwai mai saye. Yaron ya tambayi wanda zai yi yaɓen. Dattijon ya lissafa mutum biyu cikin yaransa da suka rage, ɗaya yana acaɓa a Kpakungu, ɗayan sai an bi ta wurin matarsa, don ba ya riƙe waya.