TARIHIN GWEN IFILL, 'YAR FASTO MAI YI WA SHUGABANNI TAMBAYA

A cikin wannan littafi na bikin cikarmu shekara 50 mun ga ya dace mu keɓe shafi guda domin tarihin wata mace da ta tashi a gidan fasto a ƙasar Amurka, ta kuma shugabanci manyan shirye-shiryen talabijin masu tattauna al'amuran mulki da na jama'a. Sunanta Gwen Ifill. Mun zaɓe ta ne domin 'ya'yanmu mata su ga inda tarbiyyar gida da riƙon gaskiya ke iya kai mutum.

Haihuwarta da Tasowarta

An haife ta a birnin New York ranar 29 ga Satumba, 1955, ita ce ta biyar cikin 'ya'ya shida. Mahaifinta mutumin Panama ne, mahaifiyarta kuwa daga tsibirin Barbados ta fito. Mahaifin fasto ne a ikkilisiyar AME, wadda Richard Allen ya kafa a Philadelphia a 1816 saboda wariyar da ake nuna wa baƙaƙen fata a wurin sujada. Kamar yadda muka sani game da gidan fasto, yau ana nan gobe an yi canji. Haka iyalin suka yi ta ƙaura daga gari zuwa gari, wani lokaci a gidan ikkilisiya, wani lokaci a gidajen da gwamnati ke tallafa wa marasa ƙarfi. Amma duk inda suka sauka, iyayen sukan zaunar da yaran su kalli labarai da yamma, su kuma karanta jarida. Tun tana ƙarama ta ƙudura a ranta za ta zama 'yar jarida.

Shekarunta a Jarida

Ta yi karatu a Kwalejin Simmons da ke Boston, ta gama a 1977. Sa'ad da take sanin makamar aiki a wata jarida a garin, wani ma'aikaci ya ajiye mata takarda mai zagin launin fatarta, yana cewa ta koma gida. Shugabannin jaridar suka ji kunyar abin ƙwarai, suka yi mata tayin aiki, ita kuwa ta karɓa bayan ta gama makaranta. Daga nan ta koma jaridar Evening Sun a Baltimore a 1981, sai Washington Post a 1984, sai New York Times a 1991, inda ta riƙa kawo labaran fadar shugaban ƙasa. Shekara 17 ke nan tana aikin alƙalami kafin ta shiga talabijin na NBC a 1994, tana ba da rahoton majalisar dokoki.

Shugabancinta a Talabijin

A watan Oktoba na 1999 tashar PBS ta naɗa ta mai jagorantar shirin Washington Week, inda 'yan jarida ke zama kowace Jumma'a su tattauna abin da ya faru a sha'anin mulki cikin mako. Ita ce baƙar fata mace ta farko da ta jagoranci irin wannan shiri na siyasa da ake kallo a duk faɗin ƙasar. An san ta da hana hayaniya da cacar baki, kowa sai ya kawo hujjarsa a natse. A 2013 aka naɗa ta tare da Judy Woodruff su riƙa gabatar da labaran dare na PBS NewsHour, karo na farko ke nan da mata biyu suka riƙe irin wannan shiri a Amurka.

Sau biyu aka ba ta amanar jagorantar muhawarar 'yan takarar mataimakin shugaban ƙasa. A ta 2004, tsakanin Dick Cheney da John Edwards, ta tambaye su abin da gwamnati za ta yi game da cutar ƙanjamau da ke kashe baƙaƙen mata a cikin Amurka fiye da sauran mata nesa ba kusa ba. Cheney ya amsa cewa bai san abin ya kai haka ba, Edwards kuma ya karkata maganar zuwa wasu ƙasashe. A daren nan jama'a suka ga cewa akwai masu mutuwa a ƙofar gida waɗanda manya ba su san da su ba.

A ta 2008, tsakanin Joe Biden da Sarah Palin, wasu suka yi ƙorafi tun kafin ranar cewa ba za ta yi adalci ba, domin tana rubuta littafi a kan sababbin 'yan siyasa baƙaƙen fata, har da Barack Obama. Ga shi kuma ta karye a idon ƙafa 'yan kwanaki kafin lokacin. Duk da haka ta zauna ta yi aikinta a gaban masu kallo kusan miliyan 70, bayan haka masu sharhi da yawa suka shaida ba ta ɗauki gefe ba.

A watan Yuni na 2015 wani matashi mai ƙin baƙar fata ya harbe mutum tara, har da fastonsu, suna nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'ar Emanuel AME a Charleston. Ikkilisiyar da ta rene ta ke nan aka taɓa. A watan Satumba ta je garin ta tara farare da baƙaƙe a zaure guda, ta ba kowa dama ya faɗi abin da ke ransa ba tare da taron ya watse ba.

Rasuwarta

Ta rasu ranar 14 ga Nuwamba, 2016, tana da shekara 61, bayan fama da ciwon daji wanda ta yi ta aiki da shi ba tare da ta sanar da duniya ba. Aka yi sujadar jana'izarta a majami'ar Metropolitan AME a Washington, inda ta daɗe tana sujada. Tsohuwar makarantarta ta sa wa wata tsangaya sunanta, a 2020 kuma hukumar gidan waya ta buga kan sarki mai ɗauke da hotonta.

Kira ga Iyaye

'Yan'uwa, a cikin makarantarmu ta Lahadi akwai 'yan mata masu yawan tambaya, mukan kuwa tsawata musu su yi shiru. Muna roƙon iyaye da Zumuntar Mata su dubi wannan tarihi. Mu bar su su saurari labarai tare da mu, mu amsa musu da haƙuri, mu biya musu kuɗin makaranta kamar yadda muke biya wa 'yan'uwansu maza. Ƙasarmu tana bukatar masu yi wa shugabanni tambaya a madadin talaka, da ladabi, ba tare da tsoro ko son kai ba. Allah ya tashe su daga cikinmu. Amin.