Shari'ar Lakanmi ta 1970 da Iyakar Ikon Gwamnatin Soja a Nijeriya

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta waiwayi wata shari'a da Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke a ranar 24 ga Afrilu, 1970, wadda bisa zahiri ta shafi dukiyar mutum biyu, amma a haƙiƙa ta ta'allaƙa ne ga ma'anar kalma guda: shin abin da ya auku a watan Janairu na 1966 juyin juya hali ne, ko kuwa miƙa mulki?

Asalin Ƙarar

A shekarar 1967 gwamnatin Jihar Yamma ta kafa kwamitin binciken kadarorin ma'aikata. Kwamitin ya hana E. O. Lakanmi da 'yarsa taɓa kadarorinsu da kuɗaɗensu na banki. Lakanmi ya garzaya kotu. Ana cikin shari'a sai Gwamnatin Soja ta Tarayya, ƙarƙashin Janar Yakubu Gowon, ta fitar da Dokar Soja mai lamba 45 ta 1968, wadda ta halatta umarnin kwamitin, ta ambaci sunayen waɗanda abin ya shafa, sa'annan ta hana kotuna sauraron batun.

Hujjojin Ɓangarorin da Hukuncin Kotu

Lauyoyin gwamnati sun kafa hujja da cewa juyin juya halin da ya yi nasara yakan rushe tsohon tsari ya zama shi ne tushen doka, ra'ayin da ake dangantawa ga masanin shari'a Hans Kelsen, wanda kotunan Pakistan da Yuganda suka riga suka yi aiki da shi. In haka ne, babu abin da ke bisa dokar soja.

Kotun, a ƙarƙashin Babban Joji Sir Adetokunbo Ademola, ba ta gamsu ba. A ganinta, masu tayar da ƙayar bayan 15 ga Janairu ba su kai ga karɓe mulki ba. Ministocin da suka rage ne suka miƙa ragama ga Manjo Janar Aguiyi Ironsi domin a maido da zaman lafiya. Saboda haka lalura ce ta kawo sojoji, kuma lalura, kamar yadda malaman fiƙihu ma suka sani, ana auna ta ne gwargwadon buƙata. Ke nan Tsarin Mulkin 1963 yana nan da ransa, sai dai sassan da lalurar ta tilasta a jingine. Daga nan kotun ta nuna cewa dokar da ta ware mutane da sunayensu ta ƙwace musu dukiya, hukunci ce da aka yi wa rigar doka, yanke hukunci kuwa hurumin kotu ne. Ta soke ta.

Ba za a rasa abin cewa game da wannan fassara ba. Da wuya a kira miƙa mulkin da aka yi a bakin bindiga da sunan son rai, kuma kotun ba ta yi wa juyin mulkin 29 ga Yuli, 1966 cikakken bayani ba, alhali shi ne ya ɗora Gowon bisa kujera.

Martanin Gwamnati

Cikin kimanin mako biyu gwamnati ta fitar da Dokar Soja mai lamba 28 ta 1970. Dokar ta ayyana abubuwan da suka faru a Janairu da Yuli na 1966 a matsayin juyin juya hali, ta kuma ɓata duk wani hukunci, na baya ko na gaba, da ya ce wata dokar soja ba ta inganta ba. Wato dai da doka aka yanke ma'anar kalmar. Gwamnatin Buhari a 1984 da ta Abacha a 1994 sun sake fitar da irin wannan doka.

Tsarin Mulkin 1979, da na 1999 bayansa, sun hana majalisa yin dokar da za ta tuɓe wa kotu huruminta, a sashe na 4(8). Amma sashe na 6(6)(d) ya hana kotunan tuhumar ikon waɗanda suka kafa dokoki tun daga 15 ga Janairu, 1966.