Tantance katin 'yan wasa: yaushe riba take biyan kuɗin da aka kashe?

A Kasuwar Kurmi, wadda ta kafu tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, daɗaɗɗiyar al'ada ce mai saye ya nemi idon masani kafin ya ba da kuɗinsa. Dillalin fata yakan duba kirgi ya faɗi matsayinsa, mai sayen gwal yakan goga shi a dutse, kuma maganarsu ce take yanke farashi. Irin wannan aiki ne wasu kamfanoni suke yi wa katunan da ke ɗauke da hotunan 'yan wasa, sana'ar da labarinta ya fara isowa ga matasan Kano ta intanet.

Mene ne tantance kati?

Mai kati yana aika shi ga kamfani, ƙwararru su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, sannan su rufe shi cikin roba mai tauri da lamba ta musamman. Abubuwa huɗu ake dubawa: daidaiton hoton a tsakiyar katin, kaifin kusurwoyi, lafiyar gefuna, da tsabtar fuskarsa.

Manyan kamfanonin duk na Amurka ne. PSA ya fara aiki a 1991, SGC a 1998, sashen tantancewa na Beckett kuma a 1999. Babu wanda yake da ofis a Najeriya a cikinsu.

Abin da ke jan hankalin mutane

Cinikin da ya yi tashe a duniya shi ne yake sa mutane kwaɗayi. A watan Agustan 2022 an sayar da katin Mickey Mantle, ɗan wasan besbol, bugun kamfanin Topps na 1952, kan dala miliyan 12.6, bayan SGC ya ba shi maki 9.5. A wannan shekarar ne kuma katin Pele na 1958 ya tashi kan dala miliyan 1.33, ya zama katin ƙwallon ƙafa na farko da ya haura dala miliyan ɗaya.

Sai dai waɗannan katuna tsofaffi ne, kuma kaɗan ne suka rage da kyansu. Yawancin abin da ke hannun masu tarawa a Kano hotuna ne masu manne na kundin Gasar Cin Kofin Duniya, wanda kamfanin Panini na Italiya ya fara bugawa a 1970, ko katunan zamani da aka buga da yawan gaske. Abin da ya yi yawa a kasuwa kuwa, ko an ba shi maki 10, farashinsa ba ya nisa. Amurkawa sun ga haka da katunan ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, waɗanda aka cika kasuwa da su har suka rasa daraja.

Lissafin mutumin Kano

Kamfanonin suna karɓar kuɗi gwargwadon darajar katin da kuma saurin da ake so, kuma idan kati ya fi ƙimar da mai shi ya rubuta, sukan nemi ciko. A kan wannan ake ɗora kuɗin aikawa zuwa ƙetare da dawowa, da inshora, da ladan shagon intanet ko gidan gwanjon da zai sayar. Duk da dala ake biya, ga shi kuwa Naira ta faɗi ƙwarai tun bayan sauya tsarin canji a watan Yunin 2023.

A ɗauki misali. Kati yana da kuɗi dala 15 a yadda yake. Idan ya sami maki 10 zai kai dala 80, idan 9 ya samu sai dala 25. A ce tantancewa da jigila sun ci dala 50. Da maki 10, ribar da ta ƙaru a kan sayar da shi haka nan dala 15 ce kacal, tun kafin a cire ladan masu sayarwa. Da maki 9 kuwa, an tafka asarar dala 40. Tazarar maki ɗaya ce take raba riba da faɗuwa, kuma mai kati ba shi da ikon sanin sakamakon sai an gama.

Yanayin birni ma yana rage damar samun maki mai kyau. Ƙurar hunturu tana karce fuskar kati, zafin bazara yana lanƙwasa shi, danshin damina yana kumbura takarda, gara kuma ba ta ƙyale abin da aka ajiye a ɗakin ƙasa. Katin da ya kwana a aljihu ko aka manna a kundi ya riga ya rasa maki na sama.

Masu tantancewa ma suna kuskure

Katin farko da PSA ya tantance shi ne na Honus Wagner, bugun wani kamfanin taba tsakanin 1909 da 1911, wanda ya sami maki 8, aka kuma sayar da shi dala miliyan 2.8 a 2007. A 2013 wani dillali mai suna Bill Mastro ya amsa a kotu cewa ya yanke gefunan katin don ya ƙara kyau. Akwai kuma jinkiri: a watan Maris na 2021 PSA ya dakatar da karɓar mafi yawan katuna saboda sun yi masa yawa, mutane suka jira watanni, farashin wasu katunan ya sauka kafin su dawo hannun masu su.

Yaushe ya dace a kashe kuɗin?

Tantancewa tana da amfani idan katin tsoho ne ko mai wuyar samu, ko na shekarar farko ne ta fitaccen ɗan wasa, ko yana ɗauke da sa hannunsa, ko kuma irin wanda ake yawan yin jabunsa. Tana kuma taimaka wa mai sayarwa daga Najeriya, domin mai saye a ƙetare da bai san shi ba zai fi yarda da lambar da zai iya dubawa a shafin kamfanin.

Kafin a aika, ya kamata a duba farashin da aka sayar da irin katin a zahiri a maki 8 da 9 da 10, a kuma duba ƙididdigar da kamfanonin suke wallafawa ta yawan waɗanda suka riga suka sami kowane maki. Idan lissafin ba ya fita sai da maki 10, barinsa ya fi. Haɗa katuna da yawa a aike guda yana rage kuɗin jigila. Wanda kuwa ya ajiye hoton Rashidi Yekini ko na Ahmed Musa don ƙauna, leda mai kauri da akwati a wuri busasshe sun wadatar da shi.