Tsakanin Alƙalamin Kara da Fensir

A Kasuwar Dembé akwai masu shimfiɗa kayan makaranta a ƙasa, littattafan rubutu da alli da fensir ɗaure cikin roba. Ranar da na je sayen wa ɗiyar yayata kayan komawa makaranta, sai na duƙa na riƙa juya fensiran ina karanta abin da aka buga a jikinsu. Ban samu ko ɗaya da aka ƙera a Cadi ba. Yawanci daga Cana suke, sun sauka a tashar ruwan Duwala, sun ratso Kamaru har Kuseri, suka haye gadar Ngeli. 'Yan taku kaɗan daga wurin kuwa, ga wani almajiri zaune yana fiƙe alƙalaminsa da reza, bai biya kowa ko sisi ba.

Alƙalamin nan ya girmi fensir a ƙasashenmu nesa ba kusa ba. Sunan daga Larabci yake, kuma ya shigo ne tare da karatun Alƙur'ani ta Kanem da Barno da ƙasar Hausa. Kara ake yanka a fiƙe, a tsaga bakinsa don ya riƙe ruwa. Tawadar allo kuwa gawayi ne da ƙaro, shi ya sa take wankuwa. Ta takarda daban ce, ana dafa ta da bagaruwa don ta kama ta daɗe. Ƙaron nan fa Cadi na cikin manyan masu fitar da shi a duniya.

Fensir kuma labarinsa ya faro ne a Ingila. Wajajen shekarun 1560 aka gano wani baƙin dutse mai laushi a Borrowdale, makiyaya suka riƙa yi wa tumakinsu shaida da shi. An ɗauka dalma ce, kuma har yau iyaye na tsawata wa yara kada su tauna fensir saboda dalma, alhali babu ita a ciki, girafait ne. Tun da yana ɓata hannu yana kuma karyewa, sai aka fara naɗe shi da zare, daga baya aka sa shi cikin itace. A Jamus sana'ar ta kafu a yankin Nuremberg, inda Kaspar Faber ya buɗe masana'antarsa a 1761. Kamfanin Faber-Castell na yanzu daga can ya samo asali.

Inda labarin ya fi burge ni shi ne Faransa. Yaƙi ya ɓarke tsakaninta da Ingila, girafait ɗin Borrowdale ya daina zuwa, gwamnati ta nemi mafita wajen wani mai zane kuma mai ƙirƙira, Nicolas-Jacques Conté. A 1795 ya niƙa girafait mara kyau ya zama gari, ya kwaɓa da yumɓu, ya gasa a wuta kamar yadda matanmu ke gasa tukwane. In yumɓun ya yi yawa fensir ya yi tauri, rubutunsa ya yi haske. In ya yi kaɗan sai ya yi laushi da baƙi. Ma'anar H da B da muke gani a gindin fensir ke nan. Rashi ne ya tilasta musu, kuma dabarar tasa ce duniya ke bi har gobe. Roban gogewa da ke kansa Hymen Lipman na Amurka ne ya yi masa rajista a 1858.

Mu nan fensir ya iso mu ne da makarantar Faransawa, bayan kafa Fort-Lamy a 1900, garin da ya koma Njamena a 1973. Don haka da sunan Faransanci muka fi saninsa. Haka ma alƙalamin zamani: mu ce bik, don kamfanin Bic na Marcel Bich da ya fito da shi a 1950, 'yan'uwanmu na Kano su ce biro, sunan László Bíró ɗan ƙasar Hangare. Masu sauraro sun sha yi mini gyara a kan wannan, kowa na ganin nasa ne daidai.

A 2016 ministan kimiyya na Najeriya, Ogbonnaya Onu, ya ce ƙasarsa za ta fara ƙera fensir nan da shekara biyu, mutane suka yi ta dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba. Yumɓu muna da shi a bakin Shari, sai dai fensir na son itacen da ba ya tsagewa, da niƙa mai laushin gaske, da wutar lantarkin da ba ta yankewa. Ranar nan dozin ɗaya na saya, mai kayan ya ƙara mini mafiƙi gyara.