Idan Rasuwa Ta Riski Ɗan'uwa a Kan Tafiya

Mutanen Talata Mafara, Bakura da Maradun kan yi nisa da gida don kai maras lafiya Gusau ko Sakkwato, ko fatauci, ko cin rani, ko aikin Hajji. Idan ajali ya riski mutum a can, iyalinsa na da 'yan sa'o'i kaɗan su yanke shawarar inda za a binne shi, su kuma karɓi takardun da za su buƙata nan gaba.

Shiri kafin a tashi

Mai hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya ko na ƙoda ya ga likita kafin doguwar tafiya. Ya ɗauki isasshen magani, da takarda mai ɗauke da sunansa, cutarsa, magungunansa da lambar wayar mutum biyu na gida. Ya rubuta wasiyya da basussukan da ke kansa. Idan an tura maras lafiya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ku tambayi likita ko jikinsa zai iya ɗaukar tafiyar, kuma a sami babban mutum ɗaya da zai riƙa yanke shawara a madadin iyali.

Matakan farko

Ma'aikacin lafiya ne zai tabbatar da rasuwa, domin doguwar suma kan yi kama da ita. Kada ku bar asibiti sai likita ya ba ku takardar da ke bayyana sanadin rasuwar. Da ita ake zuwa ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a karɓi takardar shaidar mutuwa, wadda banki da masu biyan fansho za su nema. Idan hatsarin mota ne, ku kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122, ku kuma nemi rahoton 'yan sanda kafin a ɗauki gawa.

A binne a can ko a dawo da shi gida?

Abu na farko da za a duba shi ne sanadin rasuwar. Gawar wanda zazzaɓin Lassa ko kwalara ta kashe tana iya yaɗa cutar ga masu wanka da masu ɗauka. A nan sai a bar wa ma'aikatan lafiya su jagoranci suturar, a binne kusa.

Na biyu shi ne zafi da nisa. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a Zamfara, gawa kuwa kan fara sauyawa cikin yini guda. Idan ba za a isa gida da rana ba, a sa ta a ɗakin ajiye gawa mai sanyi zuwa safiya, ko a yi jana'iza a inda ake. Tafiyar dare a hanyar Gusau zuwa Sakkwato na da hatsari, kuma direban da ke cikin alhini bai kamata ya riƙe sitiyari ba.

Alhazan da suka rasu a Saudiyya can ake binne su, jami'an Hukumar Alhazai ne ke bin takardunsu. A Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu, galibi saboda tsananin zafi. Don haka tsofaffi su yawaita shan ruwa, su guji rana.

Kula da waɗanda aka bari

A sanar da iyaye, mata da masu hawan jini baki da baki, suna zaune, kafin labari ya iso musu ta WhatsApp. Wanda bai ga gawar ɗan'uwansa ba yakan daɗe bai gaskata ba. Yana taimakawa wanda ya halarci jana'izar ya zauna ya ba shi labarin yadda aka yi.

Kuka, rashin barci da rashin son abinci a makonnin farko ba cuta ba ne. Amma ku kai mutum asibiti mafi kusa idan ya daina shan maganinsa, ko ya kwana biyu bai ci komai ba, ko yana jin ciwon ƙirji, ko yana maganar kashe kansa. Takaba ba ta hana mace zuwa ganin likita idan buƙata ta taso.