Tashe, Waƙa da Alƙalami: Darasi daga Tsibirin Jawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

A azumin bana wani ɗalibina na Islamiyya a nan Kura ya tambaye ni: "Malam, tashe ba ragowar maguzanci ba ne?" Na ce ya rera mini baiti ɗaya na waƙar wa'azi irin ta kakanninmu, ya kasa, alhali waƙoƙin finafinan Indiya suna bakinsa. Wannan ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihi.

Bari mu fara da nesa. Indonesiya tana cikin ƙasashe mafi yawan Musulmi a duniya. A tsibirin Jawa akwai daɗaɗɗen wasa mai suna wayang: ana yanka 'yartsana da fata, a kunna fitila a bayan farin ƙyalle, mutum ɗaya yana motsa su yana ba da labari har asuba, jama'a suna kallon inuwa. Asalin labaran na Hindu ne. Da malamai tara da ake kira Wali Songo suka tashi yaɗa Musulunci a ƙarni na 15 da na 16, ruwayar mutanen Jawa ta ce ɗayansu, Sunan Kalijaga, ya riƙe wasan, ya cusa tauhidi da ladubba a cikinsa. Suka kuma rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci, suna kiransa pegon, tamkar ajaminmu. A 2003 hukumar UNESCO ta sanya wayang cikin gadon al'adun duniya. Haka babban malamin Indonesiya Hamka (1908–1981), mai Tafsirin Al-Azhar, marubucin ƙagaggun labarai ne, kuma hakan bai rage masa daraja ba.

To mu dawo gida. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754–1817) ya san manomi da makiyayi ba sa jin Larabci, sai ya yi musu waƙoƙi da Fulatanci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta yi waƙe da Larabci da Fulatanci da Hausa, ita ce ta mayar da Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji ke haddace waƙoƙin su kai wa matan ƙauyuka. Daga baya Aliyu Namangi na Zariya, makaho, ya yi Imfiraji, almajirai da makafi suka bi da ita kasuwa-kasuwa. A 1934 aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya kawo barkwancin malamai cikin rubutun boko.

Shi kuwa tashe, yara kan fara shi idan azumi ya kwana 10. A wasan Mairama da Daudu 'yan mata suna kwaikwayon zaman aure, a Jatau Mai Magani ana jero itatuwa da amfaninsu, Nalako na Kano kuma yana zolayar gwagware don su yi aure. Wannan ai tarbiyya ce cikin raha.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Duk wasan da ya ƙunshi shirka, ko batsa, ko cakuɗuwar maza da mata, ko ya hana yaro sallar asham, barinsa wajibi ne. Abin da nake cewa shi ne magabata sun tace, sun zubar da dusa sun riƙe tsaba.

Mu mutanen Kura da Bunkure mun fi kowa gane wannan. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwa yana nan, amma ba ya isa gonar shinkafa a Kadawa sai ta kanal. Ilimin addini haka yake: harshe da waƙa da labari su ne suka kai shi zukatan iyayenmu. In muka toshe su, wasu za su haƙa nasu, su aiko mana da abin da suka ga dama.

Shawarata: kafin azumi mai zuwa ka je wajen kakarka ko wani dattijo a unguwarku, ka ɗauki waƙar wa'azi ɗaya a wayarka, ka rubuta ta, ka koya wa ƙannenka. Ni ma na fara da ajina.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.