Masassaƙan Tanbirij da Sandunansu Masu Launi

A lardin Kent na ƙasar Ingila akwai garin Tanbirij Wels, wanda asalinsa wata maɓuɓɓuga ce da aka gano a shekarar 1606, jama'a suka yi itiƙadin cewa ruwanta na da shifa'i, har attajirai suka riƙa yi mata tsinke. Kuma da yake baƙo ba ya son komawa gida hannu rabbana, masassaƙan wurin suka duƙufa ga yin tsarabar itace.

A ƙarni na 19 ne hikimarsu ta kai matuƙa, domin sukan fere siraran sanduna masu kusurwa uku daga itatuwa iri-iri, fari da ja da baƙi, su shafe su da gam, su ɗaure tamau har su bushe su zama dunƙule guda, sa'an nan su ɗora shi bisa injin juyi su kafa masa ƙarfe mai kaifi, yana juyawa zanen yana bayyana, har batta ta fito ko gidan allura. Koren launi ma ba rini ba ne, itace ne da funfuna ta kama, abin da wani masassaƙin zai jefa murhu. Irin wannan sana'a ce wani masassaƙi mai suna Edmund Nye ya kai babban baje kolin Landan a 1851.